Yadda Aka Mayar da Ni Ɓarawon Shanu a Teksas

Fuskar da na fara ganewa a ƙasar Amurka ita ce ta Sabi'u. Yana tsaye bayan wani shingen ƙarfe a filin jirgi, ya kifa malafa irin ta kaboyi, yana dariya. Na fito da jakata a kafaɗa, gurmina a naɗe cikin tsohon bargo, ƙafafuna sun kumbura saboda zama. Ya rungume ni ya ce, "Hashimu na Baure! Yau ga ka ga Teksas." Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido, domin tun da na baro Kano ban ji wanda ya kira sunana daidai ba.

Ni mutumin Baure ne, a ƙasar Daura. Noma ne gadonmu, mahaifina kuma yana taɓa fataucin awaki. Kiɗan gurmi a wurin kawuna na koya, tare da waƙoƙin mazajen bakin iyaka na zamanin da, mutanen da suke kore shanu daga ƙasar Daura su tsallaka da su Damagaram, ko su koro na can zuwa nan. Wadda aka fi sanina da ita ita ce waƙar Tanko Sha-Dawa, wani ɓarawo da ya addabi ƙauyukanmu tun kafin a haifi kakana, har ƙarshe ƙishirwa ta kashe shi a bakin rijiyar da ta ƙafe. Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kiɗa a wurin biki ya ja baya. Ba wanda ya kama ni, ba wanda ya tsawata mini. Gayyata ce kawai ta daina zuwa, ni kuma na rataye gurmi na rungumi garma, ban ga laifin kowa ba.

Sabi'u kuwa abokina ne tun muna yara. Gidansu na dukawa ne a cikin birnin Daura, kuma can nake sauka duk ranar da muka shigo kasuwa. Shi ya yi boko mai zurfi, ya tafi Amurka karatu, ya zauna yana sayar da jakunkuna da takalman fata. Wani tsohon kaset ɗina yake sawa a rumfarsa, har wani Bature mawaƙi ya ji ya tsaya yana tambaya. Daga nan maganar tafiyata ta samo asali.

Daga filin jirgi muka yi ta tafiya a mota, gari ya ƙare muka shiga fili. Abin da ya ba ni mamaki, ƙasar ta yi kama da tamu: shimfiɗaɗɗiya, ga ƙayoyi, ga rana mai zafi, ga shanu jajaye. A hanya Sabi'u ya ce in ba shi fasfona da tikitin komawa ya adana, domin a nan idan takarda ta ɓace mutum ya shiga uku. Na miƙa masa ban yi tunanin komai ba.

Zangonmu na farko gonar Kalbin ce, Baturen nan da ya ji kaset ɗina, shugaban wata ƙungiyar makaɗa. Dogon tsoho ne mai furfura har kafaɗa, muryarsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Su biyar ne a ƙungiyar, duk sun manyanta. Sabi'u ya ce lokacin ƙuruciyarsu babu gidan da ba a jin su a ƙasar, kiɗansu kuma gauraye ne, na makiyayan karkara da na jita mai lantarki. Yanzu sun sake haɗuwa za su yi faifai guda wanda duk waƙoƙinsa labari ɗaya suke bayarwa, labarin 'yan fashin bakin iyaka na zamanin da, masu tare jirgin ƙasa da kore shanu, idan hukuma ta biyo su sai su tsallake kogi su shige Meziko. Suna son a sa gurmi a waƙar ƙarshe, inda ɗan fashin yake mutuwa shi kaɗai a jeji. Na ce ai wannan Tanko Sha-Dawa ne, ashe kowace ƙasa da nata.

A wani tsohon rumbun ciyawa da suka mayar ɗakin ɗaukar sauti muke aiki. Ba na jin Turanci, Kalbin ba ya jin Hausa, amma idan muka zauna da tsirkiya a hannu ba ma neman tafinta. Zan kaɗa, ya saurara da ido a rufe, ya bi ni da jitarsa, in ya kuskure in girgiza kai, ya yi dariya ya sake. Ranar da na rera musu waƙar Tanko daga farko har ƙarshe, na zo inda ake cewa

Rijiya ta ƙafe, Tanko,
garken da ka koro ya watse,
wa zai rufe maka ido?

sai Kalbin ya taso, ya durƙusa a gabana, ya kama hannuna na dama da hannuwansa biyu, yana jujjuya shi yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Na ji kunya, na dubi Sabi'u.

"Me ya same shi?"

"Yatsunka yake yabawa," in ji Sabi'u. "Ya ce bai taɓa ganin hannu mai albarka irin wannan ba."

Na ji daɗi har cikin raina. Tun daga ranar Kalbin ya riƙa kirana da wata kalma da Sabi'u ya ce ma'anarta ɗan'uwa, ni kuma ina ce masa Dogo.

Da aka gama ɗauka, aka ce sai an jira faifai ya fito kafin a fara zagayen garuruwa. Sabi'u ya koma birni wurin sana'arsa, yana leƙo ni jefi-jefi. Wannan zaman shi ya fi ci mini rai. Damina ce a gida, na san ana can ana noman farko, ni kuwa ina zaune a ɗaki mai sanyin inji ina kallon bango. Abincinsu ba ya shiga, kuma ina tsoron naman da ban san asalinsa ba, sai na koma burodi da madara. Matar Kalbin ta lura. Wata rana ta ja ni kicin ta bubbuɗe mini akwatuna, ta nuna mini in zaɓa. Na nuna shinkafa, na nuna wake, na nuna barkono. Daga ranar kullum sai ta dafa mini, har ta koyi soya mai da albasa ta zuba a kai. Allah ya saka mata, ita ba ta cuce ni da komai ba.

Don kada zama ya kashe ni, sai na fara bin ma'aikatan gonar wurin shanu. Na iya dabba, suka ga haka suka sake da ni. Sai dai akwai wani wasa da suke yi kullum. Da na doso garke, ɗayansu zai fara nuna shanun da yatsa kamar mai ƙirga, ya nuna ni, ya kama ƙofar shinge ya riƙe gam, sauran su fashe da dariya. Ni ma in yi dariya tare da su. Na ɗauka tsokana ce irin ta makiyaya.

Faifai ya fito wajen kaka, muka hau hanya a wata doguwar bas mai gadaje a ciki, Sabi'u ya biyo mu a matsayin tafintana. Ba zan iya jera sunayen garuruwan ba, sun cakuɗe mini. Na dai tuna wani gari da iska ba ta tsayawa, da wani da ke gindin jajayen duwatsu, da wani da na fara ganin ƙanƙara tana sauka kamar auduga. Kafin wasan farko Sabi'u ya ja ni gefe ya koya mini abin da zan yi.

"Kalbin zai yi magana kafin waƙarka, zai gabatar da kai. Da ka ji ya ambaci sunanka, ka ɗaga hannunka na dama sama, ka buɗe yatsu, ka ɗan jima a haka. Gaisuwarsu ke nan."

Haka na yi. Kalbin ya yi dogon jawabi da murya ƙasa-ƙasa, jama'a suka yi shiru, na ji ya ce Hashimu, na ɗaga hannu. Sai zauren ya tashi tsaye gaba ɗaya. Tafi kamar ruwan sama a kan kwano. Ban kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba tukuna, amma har na hango mata suna share ido. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun san darajar baƙo. Bayan wasa suka yi layi, kowa so yake ya gaisa da ni, kuma ba wanda yake sakin hannuna da wuri. Wata tsohuwa har sumbatarsa ta yi, na fizge da sauri.

A kowane gari haka. 'Yan jarida kuma suna zuwa, Sabi'u yana tsakani. Za su yi tambaya, ya ce mini, "Wai kana kewar gida?" In ce ƙwarai, ina kewar iyalina da furar Baure. Sai ya juya ya yi ta zuba Turanci, yana nuna wuyan hannunsa, yana girgiza kai, su kuma suna rubutawa da sauri. Na taɓa ce masa, "Kai Sabi'u, maganata ba ta kai tsawon haka ba."

Ya ce, "Hausa a dunƙule take, mutumina. Turanci sai an warware."

Azumi ya same mu a hanya, cikin sanyi. Sabi'u ya ce shi matafiyi ne zai rama daga baya, ni kuwa na ga a zaune nake cikin mota, na ɗauki azumina. Direban bas ɗin wani tsoho ne baƙar fata, sunansa Wilis, ina ce masa Baba Wilis. Shi ba Musulmi ba ne, amma da ya gane abin da nake yi, sai ya riƙa duban rana tare da ni. Da ta faɗi zai sami wuri ya tsaya ko da sauran suna gunaguni, ya miƙo mini shayi mai zafi daga butarsa, ya nuna mini gabas da haɓa. Ranar Sallah a bakin wani gidan mai na yi ta. Na sa sabuwar rigar da matata Hadiza ta sa aka ɗinka mini, na tsaya a bayan bas ni kaɗai, babu liman babu sahu. Baba Wilis ya tsaya nesa kaɗan ya cire hularsa har na gama.

Bayan Sallah muka dawo Teksas, wani gari da ake babbar kasuwar baje kolin shanu. An shirya za mu yi wasa da rana, kwana biyu a jere, a fili. Ranar farko, bayan mun sauko daga dandamali, Sabi'u ya tafi neman abinci, ina zaune a kan akwati ina ɗaure tsirkiya, sai na ji an ce, "Salamu alaikum." Na ɗago a firgice. Wani mutum ne kakkaura, mai tsagen Damagaram a fuska. Ya ce sunansa Isuhu, yana tuƙa babbar mota a ƙasar shekara da shekaru. Na riƙe shi kamar na ga ɗan ɗakinmu, ina tambayarsa gida, ina tambayarsa iyali. Shi kuwa yana amsawa a daƙile, yana kallona sama da ƙasa.

Can ya ce, "Ni fa ba kiɗa ya kawo ni ba. Zuwa na yi in ga ɓarawon da idona."

Na ce, "Wane ɓarawo?"

"Kai mana. Ni abin da ya dame ni, ka yi satarka, Allah ya tserar da kai, to ka yi shiru mana. Sai ka bi gari gari kana ɗaga hannu, kana sa ana zagin mutanenmu da addininmu?"

Na ce, "Malam Isuhu, don girman Allah, faɗa mini abin da mutumin nan yake cewa kafin in yi waƙa."

Ya dube ni da kyau. Ina jin a fuskata ya ga amsar, domin sai ya sassauta murya, ya jawo akwati ya zauna. Ya ce Kalbin yana gaya wa jama'a cewa duk 'yan fashin da ke cikin faifan sun mutu tuntuni, amma ga guda mai rai a gabansu. Wai ni ɓarawon shanu ne a bakin iyakar ƙasarmu, yunwa ta sa ni sata don in ciyar da 'ya'yana. Wai an kama ni, alƙali ya yanke hukuncin a sare mini hannun dama, ana gobe za a zartar abokina ya fitar da ni ta cikin jeji. Wai waƙar Tanko labarin kaina ne. Sannan ya ce su dubi hannun da aka so a raba da tsirkiya.

"A nan kake ɗagawa," in ji Malam Isuhu.

Na dubi hannuna a kan gwiwata. Na tuna Kalbin a durƙushe yana kuka, na tuna ma'aikatan gona suna riƙe ƙofar shinge, na tuna tsohuwar nan. Na tashi na zaga bayan bas na yi amai. Ni da ko ɗan akuyar wani ban taɓa kora ba. Ni da ban taɓa taka ƙofar kotu ba ko a matsayin shaida.

Sabi'u ya dawo da abinci a leda yana fito. Da ya ga Malam Isuhu a gefena, fiton ya tsaya. Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Sabi'u, shanu nawa na sata?"

Ya ajiye ledar. Ya fara cewa ban fahimci yadda ƙasar take ba, na ce ya bar wannan, ya amsa mini. Sai ya fito fili. Ya ce takardun zamansa sun ƙare tun tuni, ana iya kama shi kowace rana a mayar da shi gida hannu wofi. Lauya ya ce masa ba zai sami izinin zama ba sai in yana da dalilin da zai hana shi komawa. Da ya ga Kalbin ya haukace a kan kaset ɗina, sai labarin ya zo masa. Yanzu ya shigar da neman mafaka a matsayin wanda ya tserar da ni, jaridun da suka buga labarin su ne hujjarsa.

"Kai ma za ka samu, Hashimu. Ka kawo Hadiza da yara. Me ka baro a Baure? Garma? Kuma wa zai ji a can? Turanci ne fa, a wata duniya."

Na ce, "Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ka ai ba za ka yarda ba."

"To ka san haka, ka yi."

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko a lokacin ban ga kunya a idonsa ba, haushi na gani, kamar ni ne na ɓata masa shiri.

Na roƙi Malam Isuhu ya raka ni wurin Kalbin ya yi mini tafinta. Muka same shi a cikin bas. Na faɗa masa komai, tun daga sunan mahaifina har zuwa ranar da na rataye gurmi don kaina. Na ce Tanko ya mutu kafin a haifi kakana, kuma waƙar ba yabonsa take yi ba, gargaɗi ce. Fuskar Kalbin ta yi fari fat. Ya dafe kai, ya yi ta maimaita kalma ɗaya, Malam Isuhu ya ce haƙuri yake bayarwa. Ya rantse bai sani ba, shi ma yaudararsa aka yi. Ya dafa kafaɗata ya kira ni ɗan'uwa, ya ce gobe a gaban jama'a zai warware maganar da bakinsa. Na yarda da shi. Har na ji tausayinsa.

Washegari fili ya cika fiye da jiya. Kafin mu hau na hango Kalbin a gefe tare da wasu mutane biyu masu kwat, na kamfanin da ya buga faifan, suna magana suna nuna jama'a, shi kuma ya sunkuyar da kai. Malam Isuhu ya tsaya a gaba inda zan gan shi. Na roƙe shi tun da safe ya koya mini kalmomi biyu na Turanci, ta ɓarawo da ta hannu.

Lokacin waƙata ya yi. Kalbin ya matso gaban makirfo, ya sassauta murya kamar kullum. Bai dube ni ba. Na kasa kunne. Ban daɗe ba na ji kalma ta farko. Na ce wataƙila cewa yake ba haka ba ne. Na dubi Malam Isuhu, na ga ya runtse ido yana girgiza kai. Sai kalma ta biyu ta fito, sai sunana.

Jama'a suka zuba mini ido suna jira. Ban ɗaga ba. Na miƙe na je gaban makirfo ɗina na ce da Hausa, da iyakar ƙarfina, "Ni ba ɓarawo ba ne! Sunana Hashimu ɗan Malam Audu na Baure, ban taɓa satar komai ba, ba wanda ya ce zai yanke mini hannu. Ƙarya ake yi muku!"

Sai suka tashi tsaye suna tafi. Sun ɗauka kirari nake yi kafin waƙa. Wasu har da ihu da jefa malafa sama. Mai ganga ya ɗauki kiɗa, Kalbin ya shiga da jitarsa, kansa a ƙasa. Na tsaya ina kallon dubban mutane suna murna da maganar da ba su ji ba. Na naɗe gurmina a bargo a nan gabansu, na sauka ta baya.

Fasfona yana wurin Sabi'u, ya ce ba zai bayar ba sai na huce mun yi magana, domin idan na koma gida lafiya lau, shari'arsa ta rushe. Malam Isuhu ya bayyana wa Baba Wilis abin da ake ciki. Tsohon ya miƙe. Ya hau bas, ya sauko da jakar Sabi'u, ya dire ta a gabansa, ya tsaya a kansa ya naɗe hannu. Jikinsa ya yi biyun na Sabi'u. Sabi'u ya zuge jakar ya fito da fasfo da tikiti ya jefa a ƙasa. Baba Wilis ya sa shi ya sunkuya ya ɗauka ya miƙo mini a hannu. Kalbin bai fito ba. Ban sake ganinsa ba har yau.

A motar Malam Isuhu na bar garin, a saman kujera mai tsawo, muna jan kayan daskararren nama zuwa birnin da zan hau jirgi. A gidansa na sauka, matarsa ta yi mini tuwo da miyar kuka, na ci ina kuka kamar yaro. Daga nan na buga waya Daura, shagon da ake kira wa mutane 'yan'uwansu, na ce a aika Baure a gaya wa mahaifina. Da na sake bugawa a ranar da aka sa, ƙanena ne ya ɗauka. Muryarsa a sanyaye.

"Yaya, me ka je ka faɗa?"

Ashe labarin ya riga ni. Wani gidan rediyon waje mai sashen Hausa ya tsinto shi daga jarida ya karanta, da sunana da sunan garinmu. A Baure kowa ya san ba a taɓa kai ni kotu ba, don haka ba ɓarawo suka ɗauke ni ba. Abin da ya fi wannan muni suka ɗauka: cewa na je ƙasar Turawa na ƙaga wa shari'a da mutanena ƙarya don in sami abin duniya. An yi maganar a masallaci. Hadiza ta daina zuwa rijiya sai da ƙanwata. Na ce ya ba ni Baba. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa, sannan ƙanena ya dawo ya ce, "Ya ce ba a waya ba. Ya ce in kana da gaskiya ka zo ka faɗe ta a inda aka san ka."

Na dawo. Ba wanda ya tare ni a tashar Daura, na hau acaɓa zuwa inda ake shiga motar Baure, mutanen da na sani suna kawar da kai. Mahaifina ya saurare ni a zaure tun daga farko har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce mu je wurin hakimi. A gaban hakimi da liman da dattawa na sake maimaitawa, na yi alwala na dafa Alƙur'ani. Liman ya ce ya karɓa, kuma ya faɗa a masallaci ranar Juma'a. Wasu sun yarda. Wasu har gobe suna cewa wai a ce mutum ya yi wata da watanni ana magana a kansa bai sani ba? Ni ma na sha yi wa kaina wannan tambayar. Yara kuma suka laƙaba mini Mai-hannu, sunan ya bi ni.

Na daɗe ban shiga birnin Daura ba. Ranar da na shiga sayar da awaki, wata mata ta same ni a kasuwa ta ce Inna tana kirana. Inna ita ce mahaifiyar Sabi'u. Tun ina yaro a akushi ɗaya take zuba mana tuwo ni da shi, in na yi zazzaɓi a gidanta ita take jiƙa mini magani. Na so in ƙi zuwa, ƙafata ta kai ni.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta tsufa ƙwarai, idonta ya fara dushewa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta sa aka kawo mini fura, ta kori jikokinta, sannan ta ce, "Hashimu, mutane suna ta magana, kowa da tasa. Ɗayanku ya yi ƙarya. Kai na rena kamar yadda na rene shi. Faɗa mini, wane ne?"

Na dubi ƙwaryar furar. Na yi niyyar in ce mata shaiɗan ne ya shiga tsakani, in tashi in tafi. Amma na tuna Hadiza, na tuna mahaifina da sandarsa a gaban hakimi.

Na ce, "Inna, Sabi'u ne."

Ta riƙa murza bakin zanenta. Ba ta musa ba, ba ta tambaye ni dalili ba. Hawaye ya gangaro ta gefen hancinta ba ta share ba. Na jira in ji ta ce Allah ya isar mini, ko ta ce in yafe. Da ta buɗe baki, cewa ta yi:

"Da ka baro shi, yana cin abinci kuwa? Bai rame ba?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Inna. Har ƙiba ya yi."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Na ajiye ludayin ban kai baki ba, na yi mata sallama, na koma kasuwa wurin awakina.